Minti Tara da Na Yanke a Darasin Mushe Bukar

Wata uku ke nan ana turo mini ƴan sutaj masu koyon aiki, kuma duk wanda ya shigo ɗakinmu magana ɗaya yake yi. Ya dubi kamara a kan ƙafafunta uku, ya dube ni, ya ce, "Anti Barira, ashe dannawa kawai ake yi?" Na gaji da amsa muku ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta. Wanda ya karanta wannan ya sake yi mini tambayar nan, ya san inda ƙofa take.

Ga aikin. Makarantarmu ta kuɗi ce, a nan Damagaram, ana koyar da jinya da ungozomanci. Malamanmu likitoci ne da masu haɗa magani da tsofaffin malaman lise, wato babbar sakandare, yawancinsu zuwa suke su ba da awoyinsu su tafi. Sun san abin da suka karanta, ban musa ba. Amma yawancinsu babu wanda ya taɓa zaunar da su ya koya musu yadda ake koyarwa. Don haka aka buɗe ɗakinmu. Ni nake ɗaukar malami yana darasi na awa guda, in tace shi ya koma minti goma sha biyar, sannan Madam Fanna ta zauna da shi su kalla, su ga inda ya tafi da ɗalibai da inda ya baro su a hanya. Ni ba malama ba ce. Sau biyu na zauna bak, jarrabawar gama sakandare, sau biyu na faɗi, kada wani ya ɗauka ɓoyewa nake.

Aikina na farko wani likitan yara ne, dogo, mai son farar riga. Na kafa kamara a tsakiyar aji, na saita shi sarai, awa guda cur bai fita daga hoton ba. Na kai wa Madam Fanna ina jin kaina. Ita tsohuwar mai duba makarantu ce, shekaru ta yi tana yawo a bayan babur tsakanin Mirya da Guna da Zermu, tana zama a bayan aji tana kallon malamai. Minti biyu ta kalla ta rufe ordinatar, wato kwamfutar.

"Bikin wa kika ɗauko mini?"

Na ce, "Madam, darasi ne."

"Ango dai ya yi kyau. Ina ɗaliban?"

Na ce suna nan, ai ana jin muryarsu. Ta ce, "Barira, malami ya san abin da ya faɗa, yana wurin. Abin da bai sani ba shi ne abin da ake yi a bayansa sa'ad da ya juya yana rubutu a tabulo. Shi za ki kawo masa."

Na koma na ɗauko fuskokin ɗalibai. Nan ma ta ƙi. Ta ce fuskar yaronmu ba shaida ba ce, tun daga gida aka koya masa ya gyaɗa wa babba kai. Malami ya ce "Kun gane?" aji duka ya ɗauka, "Mun gane, Mushe!" Wa zai ce wa mai furfura bayaninsa bai shiga ba? Ta ce in bar fuska in bi hannu. Bik ɗin rubutu da yake gudu a kan takarda ya tsaya cak. Hannun da yake komawa shafin baya yana nema. Hannun da ya daina bin tabulo ya koma kwafar kayyen maƙwabci, wato littafin rubutunsa. Hannun da ya sauka ƙarƙashin tebur wajen waya. Wata shida na yi kafin idona ya iya kama hannun da ya fara tsayawa a aji mai mutum arba'in. To, ku danna mu gani.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Ƙafar kamara ɗaya ta karye tun kafin in zo, da robar tayar babur aka ɗaure ta, in ka jingina da ita sai hoton ya karkace. Bateri biyu ne, ɗaya yana kai awa, ɗaya minti arba'in yake yi ya mutu ba sallama, na ɗiga masa jan farce don kada in ruɗe. Mikro ana maƙala wa malami a wuyan riga, kuma sai ka tuna masa ya cire kafin ya shiga bayi, an taɓa yi. Wurin tsayuwa yana kusurwar gaba ta hagu, kusa da taga, daga nan kake samun gefen malami da hannuwan layi huɗu. Na shata wurin da alli a kowane aji. Masu shara suna gogewa, ina sake shatawa. In kuran ya ɗauke, ba wuta, panka ta tsaya, ɗalibai su fara fifita da kayye, ranar sai ka yi haƙuri, domin ba ka bambance hannun da ya rasa gane darasi da wanda zafi ya dama.

Malamai kuwa iri-iri. Akwai mai ɗinko sabuwar shadda ranar ɗauka. Akwai wanda zai shirya da ɗalibai tun jiya, ya ce wane da wance ku ɗaga hannu, sai ka ga hannu ya tashi tambaya ba ta ƙare ba. Akwai wata ungozoma da ta ce mini, "Ke da ko bak ba ki da shi, ke za ki gyara ni?" Na ce, "Ni ba na gyara kowa, Madam, ɗauka nake." Da ta ga ɗalibanta sun yi minti shida ba wanda ya rubuta ko harafi, ita da kanta ta dawo ta ce a sake. Abu ɗaya ne ya haɗa su duka: kallon farko ba wanda yake ganin darasi. Kansa yake kallo. Wannan ya ce ashe haka tumbinsa ya fito, wancan ya ce hularsa ta karkace ba a gaya masa ba. Shi ya sa Madam take nuna wa kowa sau biyu. Tana cewa na farko na tumbi ne, na biyu na aiki.

Yanzu shekarar da nake so ku ji. Ɗalibanmu suka je jarrabawar gwamnati suka zube a lissafin magani, suka je asibiti sutaj aka dawo da ƙorafi cewa ba su iya saita ɗigon sirum ba, ruwan nan da ake ƙara wa majinyaci. Mai makaranta ya fusata. Aka kafa doka: duk malamin da ba na dindindin ba za a ɗauke shi sau biyu. Na farko ya kalla ya gyara. Na biyu, bayan mako biyu, kwamiti na mutum uku zai zauna a cikin ajin, kuma wanda bai gamsar ba a karɓe darasinsa a ba wani.

Mai koyar da lissafin magani shi ne Mushe Bukar. A makaranta nake ce masa haka, don Mushe ake kiran malami namiji a nan. A gida Baba Bukar ne, abokin mahaifina tun suna yara a Birni, fadarsu ɗaya, kullum bayan la'asar suna zaune a ƙofar shagon dukancin babana. Da na faɗi bak karo na biyu na kwanta a ɗaki, shi ya zo ya ce in sa mayafi, ya kai ni wajen Madam Fanna da ƙafarsa. Da ƴan firamare ya fara koyarwa a garin Dogo, ya koma karatu, ya yi shekaru yana lissafi a lise, da ya ajiye aikin gwamnati makarantarmu ta ɗauke shi. Darasin nan shi ne abin da ya rage masa, da shi yake riƙe gida, kuma shi ne dalilin da yake sa hula ya fita da safe.

Ranar ɗaukarsa ta farko ya fara da kyau. Ya ba su labarin yadda ruwan da ya wuce kima yake cika ƙirjin jariri, aji ya yi tsit, kowa na rubutu. Sai ya ce, "Yanzu mu lissafa ɗigo," ya juya ga tabulo. Minti tara bai waiwayo ba. Yana rubutu yana magana da tabulo, layi bayan layi, rubutu mai kyau kamar na littafi. Ni kuwa ina kan hannuwa. A minti na biyu bik ɗin layin baya suka tsaya. A na huɗu wata yarinya a layin gaba, Hassana, ta koma shafin baya, ta dawo, ta sake komawa, sannan ta ajiye bik ta rungume hannu. Kafin ya ƙare, mutum uku ne kawai suke bin sa. Ya juyo yana karkaɗe alli, ya ce, "Kun gane?" Ajin ya amsa har taga ta yi ƙara.

A makon nan aka yi wa Madam Fanna aikin yanar ido, tana gida a kwance. Direkta ya ce ba za a jira ba, in tace in nuna wa kowane malami da takardar tambayoyin da muka saba. Na zauna da darasin Baba Bukar. Na kai wajen minti taran nan na kalla sau uku. Na ce a raina, ni, Barira, zan zaunar da mutumin da ya goya ni a kafaɗa in nuna masa yara sun watsar da shi yana ta surutu da bango? Na yanke su duka. Na bar labarin jariri, na bar "Mun gane."

Ya kalla yana murmushi. Ya ce, "Ƴata, hannunki da albarka. Ashe dai tsohon bai lalace ba." Ya cike takarda, a wurin abin da za a gyara ya rubuta zai ƙara ɗaga murya.

Kwana uku bayan haka na je Zango duba Madam, na tafi da ordinatar don ta ce in zo da aikin. Tana kan katifa, ido ɗaya a naɗe, ɗayan ma an hana ta kallon haske. Ta ce in kunna ta saurara. Da aka zo na Mushe Bukar, ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Ya ce mu lissafa ɗigo. Sai kuma na ji kun gane. Ina lissafin?"

Na ce ya yi tsawo ne, na rage.

"Ƙarar panka ma ta yi tsalle. Aski kika yi masa. Me hannuwa suka yi a wurin?"

Na shiga gyara wayar ordinatar. Ta ce, "Barira, da ke nake." Na gaya mata.

Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Kin rufa masa asiri a ɗaki, shi kaɗai, inda ba mai ganinsa. Ranar kwamiti zai juya baya minti tara a gaban mutum uku, su kuwa a bayan aji za su zauna, abin da kika gani shi za su gani. Wa zai yanke masa ranar?"

Na ce, "Madam, ke ki nuna masa. Ke zai ji."

"Da wane idon?"

Saura kwana goma sha ɗaya. Na cinye huɗu ina kewaye-kewaye. In gan shi a farfajiya in shige ofis. In ɗauko ordinatar in kai ƙofar ajinsa in juyo. Kullum sai in buɗe kalanda in ƙirga kwanakin da suka rage. Rana ta biyar na tsaya har ɗalibai suka fita cin abinci, yana goge tabulo, na shiga na rufe ƙofa.

"Mushe, akwai abin da ban nuna maka ba."

"To, nuna mini mana. Me ya sa kike tsaye kamar an aiko ki da sammaci?"

Na ajiye masa a tebur na kunna, na koma gefe. Ya gyara tabarau. A hoton ana ganin gefen bayansa kaɗan, sauran duk hannuwa ne. Ya kalla har aka kai "Mun gane." Ya ce in mayar baya. Na mayar. Ya sa yatsa a kan hoton.

"Wannan Hassana ce?"

"Ita ce."

"Ita ta fi kowa ɗaga murya."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ce, "Tun yaushe kike da wannan?"

"Tun ranar."

"Kika bar ni na je fada ina gaya wa babanki an ɗauke ni a kamara ba a samu abin gyarawa ba."

Na ce, "Baba, kunya na ji."

Ya ce, "Kunya." Ya ɗauki jakarsa ya fita, ko sallama babu.

Kwana shidan da suka biyo ba na so in sake irinsu. Ya zo darasinsa ya tafi bai dubi ɗakinmu ba. Na gaishe shi a ƙofa ya amsa da kai. A gida babana ya ce, "Ke, lafiya Bukar kwana uku bai zo fada ba? An ce an gan shi a kasuwa wajen masu kayan lakkol na yaran makaranta, me yake nema a can?" Na ce ban sani ba, kuma da gaske ban sani ba. Abin da na sani shi ne na ɓata masa mako guda daga cikin biyun da aka ba shi, kuma mutumin da ya shekara talatin yana juya baya ba ya daina juyawa a kwana shida. In aka karɓe darasin, ban san yadda zan sake wucewa ta ƙofar shagon babana su biyun suna zaune ba.

Ranar kwamiti na zo tun bakwai, na sake shata wurina, na sa baterin da ba shi da jan farce. Direkta ya shigo da wata likita da wakilin mai makaranta, suka zauna a benci na ƙarshe. Mushe Bukar ya iso da kwali ɗaure a bayan babur ɗinsa. Ya buɗe shi a gaban aji. Alluna ne, irin baƙaƙen nan ƙanana na ƴan firamare, kowanne da guntun alli da tsumma. Ya ce a raba.

Aji ya ɗauki guna-guni. Wani daga baya ya ce, "Haba Mushe, mu ƴan aji ɗaya na firamare ne?" Aka yi dariya. Na ga direkta ya dubi likitar.

Ya ce, "A Dogo da su na koyar da yara sittin a ƙarƙashin rumfa, ba wanda ya taɓa ɓoye mini. Ku riƙe."

Ya yi bayani gajere, yana rubuta layi ɗaya ya juyo, layi ɗaya ya juyo, ana gani dole yake yi wa wuyansa. Da ya gama bakinsa ya riga shi, ya ce, "Kun ga..." sai ya haɗiye sauran. Ya ce, "Rabin lita na sirum, awa huɗu. Ɗigo nawa a minti? Kowa ya rubuta, kada ka dubi na wani. In na buga tebur ku ɗaga."

Ya buga. Alluna suka tashi.

Amsar arba'in da biyu ce. Na ƙirga daga inda nake, masu ita ba su kai goma ba. Ɗari da ashirin da biyar ta cika aji. Wasu allunan babu komai. Da hannunsa ya buɗe wa kwamiti abin da na ɓoye masa, kuma ya fi wanda na yanke muni, don wannan a rubuce yake baƙi da fari. Wakilin mai makaranta ya miƙa wuya yana leƙe. Likitar ta fara rubutu. A nan hannuna ya kama sandar kamara zai mayar da ita kan fuskar Baba Bukar, ban ma yi shawara ba. Na danne shi da ɗayan hannun. Na bar ta a kan allunan, na bi su layi-layi.

Ya daɗe yana duban su. Sannan ya ce, "To. Masu ɗari da ashirin da biyar kun fi yawa, da ku zan fara. Hassana, taso ki nuna mini hanyar da kika bi."

Ta taso tana jan ƙafa. Ta raba mililita ɗari biyar na rabin litar gida huɗu ta tsaya. Ya ce, "Daidai ne, wannan abin da zai shiga jiki ke nan a awa guda. Daga nan fa?" Ta ce a hankali, "Daga nan ne kullum nake ɓacewa, Mushe." Ya juya ga aji ya ce wa da wa suke ɓacewa a nan. Hannuwa suka fara tashi ɗaya-ɗaya, har suka yi yawa. A wurin nan ya zauna, ya bar duk abin da ya shirya. Ya sa su biyu-biyu, mai arba'in da biyu ya yi wa maƙwabcinsa bayani. Saura minti biyar ya ba da wani: rabin lita, awa shida. Ya buga tebur. Ashirin da takwas ta fi rabin aji. Ba duka ba. Har lokacin akwai allo biyu babu komai a kai.

Da aka fita ina naɗe waya na ji direkta yana cewa ko kashi ɗaya cikin uku na darasin bai kai ba, a haka yaushe za a gama manhaja. Likitar ta ce ita ce take karɓar yaran nan a asibiti, ta gaji da waɗanda suka gama manhaja suna sakar wa jariri ruwa kamar famfo. Suka shige ofis suka rufe. Kwana huɗu ba a ce komai ba. Kwana huɗun nan ko tuwo ban iya gamawa ba.

An bar masa darasinsa, da sharaɗin zai riƙa zuwa ɗakinmu sau ɗaya a wata. Wasu malamai biyu ba a bar musu nasu ba. Bai gode mini ba, ban kuma sa ran zai gode ba. Ranar zuwansa na farko Madam ta warke tana zaune, ya shigo ya ajiye jaka, ya dube ni.

"Yau minti nawa za ki yanke?"

Na ce, "Dole in rage, Baba, awa guda ce."

"A nan Mushe nake. Ki rage abin da za ki rage. Amma duk inda na juya baya, ki bar mini shi."

Tun daga ranar, duk ɗan sutaj da zan ba kamara sai na tambaye shi ko malamin da za a ɗauka kawunsa ne, ko maƙwabcinsu, ko ya taɓa koyar da shi. A garin nan da wuya amsar ta zama a'a. Ba hana shi nake ba. So nake ya san inda hannunsa zai so ya kauce.

Ranar Litinin ƙarfe takwas akwai darasin Mushe Bukar, allunan suna nan, uku sun fashe an sake saya. Wanda ya ce dannawa kawai ake yi, shi zai riƙe kamara. Ni zan tsaya a bayansa, hannunsa zan kalla.